Tutar da Na Jefa wa 'Yar Kawu Sadisu

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na fara jefa tuta a wasa na gaske ba. Kwana uku ke nan bayan ƙaramar Sallah, ina aji na sha ɗaya. Ku da kuka shigo koyon alƙalanci bana kun sha tambayata me ya sa nake zuwa fili da wuri in zagaya in gaida kowa. Baki ba ya yi mini daɗin bayani, shi ya sa na rubuta.

Ga wanda bai san wasan ba, namu ƙwallon Amurka ne na yara, wanda ake kira flag football. Biyar-biyar ake yi, kuma ba a kayar da mutum. Kowace 'yar wasa tana da ƙyalle biyu a ƙugu, idan aka cire mata ɗaya an tsayar da ita ke nan. Alƙalai kuma kowa na da ƙaramar tuta ruwan ɗorawa a aljihu. In ka ga laifi sai ka jefa ta, ka bari wasa ya tsaya, sannan ka je wurin babban alƙali mai farar hula ka faɗa masa abu uku: wane laifi, wace ƙungiya, lamba nawa. Mai koyo yakan fara da riƙe sandar da ke nuna inda ƙwallo ya tsaya. Ni wata biyar na yi ina riƙe da ita. Bayan haka ake ba ka wasan gwaji, babban alƙali ya rubuta rahoto a kanka. In rahoton ya yi kyau ka zama alƙali, in bai yi ba ka koma sanda sai wata shekara.

Wasan gwajina ya faɗo a Birmingham, a wani filin makaranta da ke Edgbaston. Ni da Baba muka taso daga Fallowfield, unguwarmu a Manchester, da safe muka hau jirgin ƙasa. Baba bai san komai a wasan ba, abin da ya kawo shi shi ne Kawu Sadisu, abokinsa tun suna ɗalibai a Zariya, wanda yake koyar da ƙungiyar 'yan matan Birmingham ɗin. 'Yarsa Nabila, sa'ata, ita ce mai lamba bakwai. Ɗaya ƙungiyar daga Salford ta zo. Babban alƙali wani dattijon Bature ne, Mista Alan, wanda ba ya ɗaga murya. Na gaya masa tun kafin a fara cewa na san kocin gida da 'yarsa. Ya ce ba komai, shi ma rabin mutanen filin ya san su. Ban samu na gaida Kawu ba, domin jirginmu ya makara, da isowata aka tura ni gefen fili.

Har kusan ƙarshe ban jefa tuta ko sau ɗaya ba. Saura minti ɗaya da wani abu, Birmingham na gaba da maki huɗu, 'yan Salford na kan damarsu ta ƙarshe. Mai jefawarsu ta cilla dogon ƙwallo ta gefena. Mai lamba goma sha biyu, wata doguwar yarinya mai suna Chloe, ta taho da gudu, Nabila na biye da ita. An koya mana cewa kada mu kalli ƙwallo, mu kalli hannuwa. Chloe tana sanye da farar riga mai dogon hannu, Nabila kuma lallen Sallah bai goge a yatsunta ba. Na ga yatsu huɗu jajaye a kan farin hannun rigar, daidai gwiwar hannu ta hagu, sun ja ta ƙasa. A lokacin ƙwallon yana sama. Sai da suka saki sannan ya wuce ta kansu ya faɗi.

Wannan shi ake kira pass interference, wato hana mai karɓa kama ƙwallo ta hanyar riƙe ta ko ture ta kafin ya iso. Hannuna ya jefa tutar kafin in gama tunani.

Ban kai ga Mista Alan ba na ji murya a bayana, da Hausa.

"Ke Hafsa! Hafsatu! Me kika gani?"

Kawu ne, ya taho har bakin layi, hularsa a hannu. Abin da na yi daga nan ban shirya shi ba. Tun ina ƙarama, in babba ya kira sunana da irin wannan murya, jikina ya san abin yi. Na juya, na rusuna, na sunkuyar da kai, na ce, "Yi haƙuri, Kawu. Ina wuni?"

"Ina wuni kuma? Ana cikin wannan? Su biyu suka tashi neman ball, ke kika ga foul daga ina?"

Na sake cewa ya yi haƙuri, idona na kan takalminsa. Akwai ciyawa manne a igiyar na dama.

Duk wannan a kan idon Mista Alan. Ya ƙaraso, ya sa Kawu ya koma baya, ya ja ni gefe. Da Turanci ya ce, "Na ga kin durƙusa wa koci kina kallon ƙasa. Kuskure kika yi? In ba ki tabbata ba sai mu ɗauke tutar, ba abin kunya ba ne."

Sai a lokacin na gane yadda abin ya fito a idonsa. Shi alƙaliya ya gani ta jefa tuta, koci ya yi tsawa, ta ba da haƙuri. In aka ɗauke tutar wasa ya ƙare ke nan, Birmingham ta ci, rahotona kuma zai ce ihu yana juya ni. Na ji kamar sandar nan ta masu koyo ta dawo tafin hannuna.

Kallon babba cikin ido ya fi mini jefa tutar wuya. Na ɗaga kai, na tsayar da idona a bakin farar hularsa, domin nan ne iya inda na iya kaiwa. Na ce, "Pass interference, masu tsaro, lamba bakwai. Ta ja hannun hagu kafin ƙwallo ya iso."

"Kin gani, ko kina zato?"

"Na gani."

Ya juya ya yi alama ya sanar. Aka ajiye wa Salford ƙwallo a wurin da aka yi laifin, aka ba su sabuwar dama, a jifa na biyu suka ci. Nabila ta cire ƙyallenta ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

Da ma an shirya za mu ci abincin rana a gidan Kawu, kuma Baba ya ce ba abin da zai hana shi cin waina da miyar taushe. A nan aka yi shari'ar. Kawu ya jera kofuna biyu da cokali a kan tebur yana nuna wa Baba yadda aka yi.

"Malam Bala, dubi nan. Wannan Nabila, wannan yarinyar. Dukansu suna da haƙƙin neman ball, haka doka ta ce."

Baba ya ce, "Ni dai a ƙwallon da na sani, kafaɗa da kafaɗa ba laifi ba ne."

"Ka ji ko! Ubanta ma ya faɗa."

"Ban faɗa ba, ci nake yi. Kai da ko a Zariya ba a taɓa cin ku ba sai da laifin rafali."

Gwaggo Hadiza, matar Kawu, ta ce ai ta ɗauka a waya. Kowa ya matso. Hoton ya bi Nabila tiryan-tiryan, daidai lokacin da ƙwallon ya taho sai Gwaggo ta yi tsalle, muka ga sama da rufin wata mota, muka ji "Wayyo Allah, kama!" Baba ya yi dariya har ya ƙware.

Kawu ya juya wurin 'yarsa. "Nabila, faɗa musu. Kin riƙe ta?"

Nabila ta ɗan jima tana juya miya da cokali. "Na ɗan ja ta, Abba. Amma wallahi ko ban ja ta ba ba za ta kama ba, ya yi sama da yawa."

"To, shi ke nan!" in ji Kawu. "Ball ɗin da ko mai tsani ba zai kamo ba, ai babu interference a kansa."

Nan ya taɓa ni, domin gaskiya ne, in ƙwallo ya wuce inda za a iya kama shi ba a hukunta wannan laifin. Ni kuma hannuwa nake kallo. Na san ya wuce ta kansu, ban san da nawa ba. Chloe doguwa ce, kuma da hannu ɗaya aka bar ta. Kawu ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa za ta kama. Na ce a'a, ba zan iya ba, abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne an hana ta gwadawa. Ya dube ni ya ce, "Wannan 'yar taka, Malam Bala, shiru-shiru ashe lauya ce." Ya tura mini farantin waina. Da za mu tafi Nabila ta raka ni har tashar jirgi, tana ta yi mini tsiya wai na zo garinsu na ci abincinsu na kuma ba da wasansu.

A cikin jirgi na rubuta wa Mista Alan duk abin da ya faru. Na faɗa masa ban tabbatar da tsayin ƙwallon ba, na kuma bayyana masa cewa rusunawar gaisuwa ce, haka muke yi wa manya, ba janye hukunci ba ce. Kwana biyar ina duba waya tsakanin darussa. Ranar Alhamis, ina layin abinci a makaranta, amsa ta shigo. Na ci gwajin. Ya ce shi yana kallon ƙwallon daga inda yake, kuma a ganinsa ana iya kama shi, da ba haka ba da shi da kansa ya ɗauke tutar. Don haka ake sa alƙali fiye da ɗaya. A ƙasa ya ƙara layi guda: ki gaida kawunki yadda kika ga dama kafin a busa usur, bayan an busa ni kaɗai za ki yi wa magana. Na zauna a kan benci, sai da ƙawata ta taɓa ni na tuna ban karɓi abinci ba.

Kawu Sadisu har gobe yana nan a kan bakansa. Duk zuwan da zai yi Manchester sai ya ɗaga hannu sama ya nuna wa Baba inda ƙwallon ya bi, kuma kowane zuwa hannun yana ƙara tsawo. Na daina jin ciwon hakan. Koci aikinsa ne ya tsaya wa 'yan wasansa, kuma wanda ya yi miki ihu a fili yana iya zuba miki miya bayan awa ɗaya. Ke naki shi ne ki faɗi abin da idonki ya gani, ki tsaya a nan, abin da ba ki gani ba ki bar wa abokin aikinki. Ladabin da aka koya muku a gida kuma kada ku yar da shi. Ku dai ku zo da wuri, ku gama gaishe-gaishenku tun mutane suna ɗaura takalma.