Saje Arzika, Wanda Ya Tsayar da Jirgin Yaƙi Saboda Sifana

Duk wanda ya taɓa kai janareto ko injin ban-ruwa wurin Baba Saje Arzika a unguwar Takur ya san ba a yi masa gaggawa. Da ya karya kumallo sai ya buɗe shago, ya share, ya tsaya gaban wani allon katako da ya kafe a bango. Kowace sifana da kowace filaya tana da ƙusarta, a bayanta kuma an zana siffarta da jan fenti. Sai ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa aikin kowa. In ya gama gyara, ko injinka na ruri lafiya lau, ba ka ɗauka sai kowane ƙarfe ya koma mazauninsa. Manoman Miga, garin da aka haife shi, su ne suka fi tsokanarsa.

"Haba Baba Saje, injin ban-ruwa ne fa, ba tashi sama zai yi ba!"

"Kai dai zauna ka sha inuwa," in ji shi, yana dariya.

Ba su san daga inda ɗabi'ar ta samo asali ba. Shekara talatin da biyar wannan dattijo ya yi yana gyaran jiragen yaƙi a wani rukuni na sojan sama da suke yi wa laƙabi da Shirwa, masu kai farmaki. Yana saurayi aka kafa rukunin da jirage shida da rumfar kwano ɗaya. A gabansa aka tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa, a gabansa aka sauya musu sansani har sau biyu, aka kawar da tsofaffin jirage aka kawo sababbi. Tambaye shi kowane jirgi da lambar wutsiyarsa, zai gaya maka halinsa, wane ne mai shan mai, wane ne mai gardamar tashi da safe. Amma akwai rana ɗaya da ba ya son a taɓo. Kusan shekara talatin ke nan yana ganin duk ranar da aka rubuta tarihin Shirwa, sunansa zai fito ne a matsayin makanikin da ya yi sakaci, jikokinsa su karanta.

Ni ba daga bakinsa na ji ba, don ko za ka kwana kana lallashi ba zai faɗa ba. Malam Tasi'u ne ya ba ni labari, abokin aikinsa da suka yi ritaya tare, wanda abin ya faru a kan idonsa.

Wata safiya ce aka ba da umarnin gaggawa. Arzika ya gama ɗaure wani abu a cikin wutsiyar jirgi, ya rufe, ya sa hannu a takarda cewa jirgi lafiya. Wani ƙaramin hafsa, Izzuddeen, ya hau, ya tayar da inji, ya kama hanyar titin tashi. Arzika ya juya yana tattara kaya, sai ya ga babu sifanarsa mai lamba goma. Ya zazzage akwati, ya lalube aljihu. Babu.

"Wallahi ni na ce masa ya yi shiru," in ji Malam Tasi'u, yana sunkuyar da kai. "Na ce, Arzika, ƙila cikin ciyawa ta faɗa, bari ya tashi mu nema. Saura mako biyu a ƙara maka girma. Ka san abin da ya ce min? Ya ce, in kuma ba ta cikin ciyawa fa?"

Ku duba fa. Da ya ja bakinsa, babu mai sani. Ko da jirgin ya faɗi, da an ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Sai ga mutum ya zura a guje, takalmi ɗaya ya fita, ya sha gaban jirgin yaƙi mai ɗauke da makamai, ya ɗaga hannuwa ya gicciya su sama, alamar a tsaya. Jirgi ya ci birki. Kwamanda ya iso a mota yana huci, yana tambayar wane mahaukaci ne wannan. Arzika ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Sifanata ta ɓata, kuma ni na yi aiki a wutsiya."

Aka buɗe wutsiyar. Ga ta nan kwance a tsakanin sandunan da ke juya jirgi sama da ƙasa. Da jirgin ya ɗaga ya karkata sau ɗaya, da ta maƙale su, shi ke nan sai dai addu'a.

Soja ba ya wasa da irin wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Aka cire masa igiya ɗaya, daga saje ya koma kofur, ƙarin girma ya bi ruwa. Shekara shida ya yi kafin igiyar ta dawo, yaran da ya koya wa riƙe sifana suka zama shugabanninsa. Bai yi ƙorafi ba. Katako ya nemo da kansa, ya zana wa kowane ƙarfe gurbi, yadda da kallo ɗaya za a gane abin da babu. Tun ana yi masa dariya har rukunin ya mayar da shi doka: jirgi ba ya motsi sai allo ya cika.

Kai ne, Baba Saje, ka yi wannan. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani, kai kuwa ka tsaya tsakiyar fili ka nuna naka da yatsa. Mijin Safiyatu, mai hana shirwa tashi! Kai kaɗai ne har yau ba ka yafe wa kanka ba.

Bara rukunin ya cika shekara arba'in, aka ce za a haɗa littafin tarihi. Takardar gayyata ta zo Takur. Hajiya Safiyatu, mai ɗakin Baba Saje, ta ce tun daga ranar Malam ya rage cin abinci. "Na ce masa, Malam, ka je mana. Sai ya ce, in je a tuna wa mutane abin kunyata?" Bai je ba, bai kuma ba da amsa ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga wata bas ta tsaya a ƙofar gidansa. Wani mutum mai furfura ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa. Baba Saje ya ƙura masa ido, nan take ya nemi ya ƙame.

"Yallaɓai Izzuddeen!"

"A'a Baba Saje, zauna. Yau ni zan sara maka."

Ya waiwaya ya yafito na cikin mota. Suka yi ta fitowa, maza da mata, manya da ƙanana, har da jaririya a goye. Ya kamo hannun babbar.

"Wannan Radiyya ce, likita ce yanzu. Ranar da ka sha gabana, cikinta wata huɗu. Sauran nan kuwa, 'ya'ya da jikoki, ko labarinsu babu. Ni aka ɗora wa haɗa tarihin Shirwa. An ba ni sunayen matuƙa da na kwamandoji, na ce ba zan rufe littafin nan ba sai da sunanka. Izini na zo nema."

Hajiya Safiyatu da ke bayan ƙofa ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin hawayen Malam ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon yaran nan, ya miƙa hannu aka ba shi jaririyar. Sannan ya share fuska da hannun riga.

"To Yallaɓai, a rubuta. Amma a fara da cewa ni na manta sifanar a cikin jirgi. Kada a ɓoye, don na baya su ji tsoro."

Haka aka rubuta.

Mun gode, Baba Saje Arzika. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba zuriyarka masu tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa ta wani. Mu kuma da muke asibiti, da gareji, da ofis, da bakin tukunya, kowa cikinmu zai yi kuskure wata rana, babu makawa. In ranar ta zo, ka ga babu wanda ya gan ka, ka tuna akwai wani dattijo a Takur da ya zaɓi a cire masa igiya da a kai wa mace mai ciki gawar mijinta. Ka tashi ka faɗa tun jirgin yana ƙasa.