Hannuwan Kawu Sammako

Ƙanin mahaifiyata, Sammako kowa yake ce masa, don ba a taɓa riga shi zuwa gona ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana noman fili ɗaya, masara a tudu, wake a gefe. Mutum ne mai taurin kai da ƙarancin magana. Ni na gaji taurin kan, ƙarancin maganar ne ya tsallake ni.

Bara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunsa ko rabi bai kai ba. Da gwamnati ta ce za ta biya manoma tallafi kafin shuka, Kawu ya san in ya rasa, babu iri babu taki, sai dai ya ba da gonar haya. Na raka shi ofishin noma, ɗaki mai benci uku da fanka mai kuka, da wata 'yar na'ura da ake ɗora yatsa a kai kafin a rubuta sunan mutum.

Ya ɗora babban yatsa, fitila ta nuna ja. Ya ɗora manuni, ja. Duka goman aka gwada. Ashe ƙotar fartanya ta cinye zanen yatsunsa tas.

Magatakardan ya ce, “Baba, je ka huta kwana goma, ka riƙa shafa mai, zanen zai dawo. A rana ta goma za mu rufe rajista.”

Haka Kawu ya zauna a ƙofar ɗaki, hannuwa sharkaf da mai a cikin safa. Matarsa ta samu abin yi.

“Ranka ya daɗe, ruwa za a kawo, ko fifita za a yi?”

Shi dai sai ƙwafa. Ina dariya a gabansa, amma tausayinsa ya ishe ni, don ban taɓa ganin rana ta same shi a zaune ba.

Ranar da muka koma, na'ura ta sake nuna ja. A gabanmu kuwa wani mai shagon waya, wanda ko akuya bai taɓa kora daga gona ba, ya ɗora yatsa sau ɗaya ta karɓa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan fara. Kawu ya dafa kafaɗata, ya wuce ɗakin shugabar ofishin, ya shimfiɗa tafukansa a kan teburinta.

“'Yata, kuɗin nan na manoma ne?”

“Na manoma ne, Baba.”

“To, ga shaidata. Na'urarku ta kasa karantawa, ke ki gwada.”

Ta daɗe tana kallon hannuwan. Sannan ta fito ta ce duk wanda na'ura ta ƙi ya miƙe. Kusan rabin ɗakin ya tashi, tsofaffi maza da mata. Ta sa aka rubuta sunayensu, washegari ta ɗauki mota ta bi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, ta gani da idonta, ta sa hannu da kanta.

Tallafin ya shigo mako biyu kafin ruwan farko, nasa da na sauran duka. Kawu ya shuke gonarsa har bakin iyaka. Da na je taya shi murna na tarar yana zuba taki, bai ma tsaya ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Ya miƙo mini hannu mu gaisa, duk ƙasa, ga kaushi kamar dutsen niƙa. Na riƙe shi da hannu biyu, na daɗe ban saki ba.