Sunan da Na Goge a Jikin Gora

Na fi shekara biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa laifina ne. Amma ranar da aka ɗauke Baba Kumasi daga shagonmu ta ƙi fita daga raina, shi ya sa yau na daure.

Lokacin ina aiki a wani shagon kafintoci da ke yi wa otal-otal na Lusail, kusa da Doha, kujeru da ƙofofi. Ni mai banish ne, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako a ƙarshe. Sama da ni akwai fomanmu, Baba Kumasi, dattijo mutumin zangon Gana. Sama da shi sai mudir, wato manaja. Duk shagon ba mai kiran Baba da wani suna. Ni ma ya laƙaba mini nawa, Malam Waswasi, don nakan koma in duba makulli sau uku.

Wani otal ya sa an yi masa ado da gora, ta yi saura. Baba ya nemi izinin mudir ya ɗauki guntayen. Ya ce sandar fatsa zai yi, irin wadda ya taɓa ganin wani Bature yana yi, mai lanƙwasa, ana wurga ƙugiya da ita kamar bulala. Ba irin tamu ta Yawuri ba ce da za ka sari gora ka ɗaura zare. Tsaga ta ake yi gida shida, a fere kowanne ya fita da fuska uku, a haɗa da gam su koma sanda ɗaya. Wata biyar yana wannan aiki a lokacin hutun rana. Sau biyu yana zubarwa ya sake.

"Baba, kifin da za a sha wa wannan wahala, ai gara a saya a kasuwa," na ce masa.

"Kai dai ji da makullinka, Waswasi. Ni da jikata za mu je tafki. Ni in wurga, ita ta riƙe bokiti."

Da zafin shekarar korona Baba ya fara tari. Ranar da sakamakon gwajinsa ya fito, kafin motar asibiti ta iso, ya zauna a bencinsa da takunkumi a fuska, ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a jikin sandar, kusa da mariƙi. Ya ce haka masu sana'ar suke yi: mutum ya sa cikakken sunansa da unguwarsu, sai banish ya rufe, ba mai iya gogewa.

"Saura aikinka," ya ce. "Shafi uku, kowanne ya bushe sosai. Kar ka sa mata komai kafin nan. Matso ka gani mana, ba na cizo."

Ban matsa ba.

Bayan tafiyarsa mudir ya ce a wanke duk inda ya taɓa. Bai ambaci sandar ba. Ni ne na tsaya ina kallonta, ina tuna wata biyar yana numfashi a kanta. Na sa safar hannu biyu, na jiƙa tsumma da sanitaiza, na kau da fuska, na murje ta daga sama har ƙasa. Da na duba, tsumman ya yi baƙi, gorar ta yi fes. Ko harafi ɗaya ban karanta ba.

Na ce a raina, in ya dawo sai ya sake rubutawa, in sha faɗa. Aka killace mu mako biyu. Muna ciki aka turo saƙo cewa Baba ya rasu, har an binne shi a nan.

Da muka koma aiki na yi mata shafi uku, ina rataye ta cikin dogon kwali saboda ƙura. Wurin da rubutun yake, kamar faɗin yatsa uku, na bar shi ban shafa ba.

A nan na yi laifi na biyu. Sunan Baba yana cikin takardun mudir, tambaya ɗaya ta isa. Amma ina tsoron ya ce me zan yi da shi, in faɗi abin da na aikata, ko ya ce sandar kayan kamfani ce ya karɓe. Kullum sai in ce gobe. Aikin gasar ƙwallon duniya ya taso mu a gaba, oda kan oda. Kafin a fara wasa kwangila ta ƙare, aka rufe shagon, aka watsa mu. Mudir ya koma ƙasarsu, lambarsa ta daina shiga.

Lokacin gasar na naɗe sandar cikin zani, na bi 'yan Gana masu jin Hausa a unguwar Al-Sadd ta Doha. Wani ya yi dariya ya ce, "Abokina, ka shiga Kumasi ka ce Baba, rabin zango zai juyo." Wani kuma ya ce in sayar masa.

Yanzu duk sabon ma'aikacin da aka kawo inda nake, ranar farko nake tambayar cikakken sunansa da garinsu. Suna cewa waswasina ne. A wannan aiki za ka yi shekara huɗu kana cin abinci kwano ɗaya da mutum, ranar da ya faɗi ba ka san ƙofar da za ka kai gaisuwa ba.

Ga abin da na sani. Dogo ne, babu rabin ƙaramin yatsansa na hagu. 'Yarsa ungozoma ce, jikar kuma yana ce mata Hajiya Ƙarama. Wanda ya san gidan da aka yi rashin kafinta irin wannan a Doha, don Allah ya bar mini saƙo a ƙarƙashin rubutun nan. Sandar yarinyar tana wurina. Suna kawai nake jira in rubuta, in rufe.