Ranar da Kakana Ya Kai wa Dawakin Daji Kanwa

Jiya a Canal Street dokin 'yan sanda ya gifta ta gabana, ƙarar kofatonsa a kan kwalta ta sa gabana ya faɗi. Za ka ce tsoron banza ne. To, ba ka ga abin da na gani ina ƙarama ba.

Shekarar da kakana ya zo daga Nijar neman magani, zaman ɗaki a unguwarmu ta Highbridge ya ishe shi. Mutumin da ya tsufa a barga, ga shi an ajiye shi a saman bene kamar buhun gero. Da zafi ya shigo, babana ya rufe teburinsa na agoguna, ya ari mota ya kai mu wani tsibiri can kudu, inda aka ce dawaki na kiwo a bakin teku babu mai su. Kakana bai yarda ba. A wurinsa doki ko na wani ne, ko ya ɓata.

Iskar wurin gishiri-gishiri take, ciyawa har gwiwa, sauro kamar an aiko su. Alluna ko'ina suna gargaɗi kada a matsa kusa, kada a ba su abinci. Babana ya fassara wa kakana cikin ladabi, kansa a sunkuye. Tsohon ya gyaɗa kai kawai. Ashe tun daga gida ya ƙunso kanwa a aljihu, irin wadda yake ba dawakinsa su lasa.

Muna shimfiɗa tabarma muka waiga, ba ya nan. Can muka hango shi tsakiyar garke, hannu a miƙe, yana yi musu kiran da ya saba. Wani jan ingarma ya kwantar da kunnuwa, ya fara kartar yashi, ya tsaya tsakaninsa da wani duƙushi. Mamata ta riƙe rigar babana, ta ce idan ya ruga za su firgita su tattake tsohon. Sai dai a kira shi. Babana kuwa tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Ya buɗe baki, abin da ya fito "Baba, Baba" ne ƙasa-ƙasa, iska ta tafi da shi.

Mamata ta mintsine ni. "Ke, mijinki ne, kira shi." Jika kaɗai ke iya yi wa kaka tsawa da sunan wasa, shi kuma amarya yake ce mini. Ina kuka na ƙwalla: "Kai tsoho mai taurin kai, ka dawo ko in yi yaji!"

Ya tsaya cik. Ya saki kanwar, ya fara ja da baya a hankali. Ingarman ya zabura, ya cafki hannun babbar rigarsa ya yage, sannan ya juya. Da tsohon ya iso ya ce, "Amarya, bakinki ya hi na doki cizo." Babana ya durƙusa yana gyara masa yagaggen hannun rigar.

Yanzu babana ne tsohon. 'Ya'yana da Turanci suke amsa masa, ba su san ana wasa da kaka ba. Idan ya nufi titi danja ba ta ba shi hannu ba, babu wanda zan mintsina. Ni nake daka masa tsawa da bakina, a gaban mutane. Yakan tsaya, ya sunkuyar da kai, kuma abin yana yi mini ciwo.