Abu Maryam da Na'urar Ɓatattun Alhazai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen unguwar Aziziyya suka sani da Abu Maryam. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa, hannu yana ƙi. Bana dai na ce ko me zai faru sai na faɗi abin da na gani da idona.

A nan Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙasa, ya yi hajji ya zauna. Shi kuwa lissafi ya karanta, ya samu aiki a wani ofishin bincike kan hidimar alhazai, lokacin da kwamfuta take kamar akwatin aure, fuskarta baƙa, rubutunta kore. Ofishin ya ƙera wata na'ura mai allo da ake taɓawa, don alhajin da ya ɓata ya gano tantinsu a Mina. Aka gwada, alhazai suka tsaya a gabanta suna kallo. Abokan aikinsa suka ce ai mutanen ne ba su waye ba, mudir ɗinsu, wato shugaban ofishin, kuma ya fara maganar rufe aikin.

Ranar ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Ya ce mini, "Umm Maryam, mutum ya ratsa ƙasashe ya zo nan da ƙafarsa, sannan a ce shi ne bai da wayo? Mu ne ba mu iya yi masa magana ba." Ya roƙi mudir ya ba shi lokaci zuwa hajji mai zuwa.

Falonmu ya koma ɗakin gwaji. Yana zana fuskar na'urar a kwali, ni ina yanka madannai da almakashin ɗinkina. Na riƙa gayyato tsofaffin matan unguwar Nakkasa su sha shayi, a miƙa musu kwalin a ce su nemo tantinsu. Shi yana gefe, ba ya gyara wa kowa, ido kawai yake sa wa yatsa, ya rubuta inda ya tsaya.

A cikinsu akwai Inna Tumba, Basakkwaciya mai sayar da fura, wadda ta zo hajji tun da ƙuruciya ba ta koma ba, ba ta kuma da iƙama, wato takardar izinin zama. Da aka karanta mata tambayar farko, wato ta ba da sunanta, sai ta janye hannu ta gyara mayafi.

"Ɗana, wanga abu mi zai yi da sunana? Wa zai kai ma?"

Ya ɗauki alƙalami ya soke tambayar. Ita ce kuma ta dubi zanen gidan da suka sa a matsayin alamar masauki ta ce, "Wanga ai akurkin kaji na." Muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, amma washegari zanen tanti ne a wurin. Da haka aka zubar da rubutu kusan duka. Aka bar launin abin hannun da ake ɗaura wa alhazai, da tutar ƙasa, da lambobi manya. Daga ƙarshe ya ce na'urar ta yi magana, kuma muryata ya ɗauka ta Hausa. Sau nawa na maimaita "Sannu da zuwa, taɓa launin da ke hannunka", Allah kaɗai ya sani.

Da hajji ya zo, suka kafa ta a bakin hanyar da ta fito daga Muzdalifa. Ina wurin, ina aikin raba ruwa da wasu mata. Da hantsi mudir ya iso, ya ce ba ya son wanda aka koya wa, shi zai zaɓa. Ya nuno wani dattijo daga Maraɗi da ke zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa. Cunkoson motoci ya raba shi da ayarinsu da matarsa mai ciwon ƙafa, ya yi ta tambaya ba mai jin yarensa.

Aka tsayar da shi a gaban allon. Na san aikin shekara guda ne ya rataya a yatsan nan. Muryata ta fito daga na'urar. Dattijon ya waiwaya yana neman mai maganar, ya amsa, "Yauwa, ɗiyata." Ya dubi hannunsa, ya taɓa. Ya ga tutarsu, ya taɓa. Takarda ta fito da zanen hanya. Wani ma'aikaci ya bi shi daga nesa, ya dawo ya ce ya same shi zaune kusa da matarsa, tana yi masa faɗan takalmi. Mudir ya rungumi Abu Maryam a gaban jama'a yana cewa, "Mabruk, mabruk!" Aikin bai rufu ba, har aka ƙara wasu harsuna.

Yau idan na ga tsofaffi a harabar Harami suna aika saƙon murya Zariya ko Damagaram da wayar da ba ta kai tafin hannu ba, nakan ce da yana nan da ya yi ta murmushi. Amma na san shi, da bai rasa abin faɗa ba. Da ya ga lambar sirrin da ke mutuwa kafin tsoho ya gama lalubo tabarau, da ya nemi ofishin masu abin ya je da kansa.

Na'urarsa tuni aka kwashe ta, ba kuma a rubuta sunansa a ko'ina ba. Da can abin yana ci mini rai. Sai da sallar bara wani da ya koyi aiki a hannunsa, yanzu furfura ta cika masa kai, ya kawo mini gaisuwa. Ya ce a wurin da yake shugabanta, ba abin da ke fita sai an zaunar da tsohuwa ta gwada, in ta tsaya, aiki ya koma baya. Matasan ma'aikatansa suna ɗauka haka duniya take tun asali.

Na ce masa ya bar su a haka. Allah ya haskaka kabarinka, Abu Maryam, ya sauƙaƙa maka hanya.