Amshin Gonar Tattasai

Yayata ta zo gidana a Diffa shekarar da aka tashe su daga bakin kogin Komadugu. Ta zo da tabarma da tukunya ɗaya, ba ta zo da ƴarta ba. Ƴan bindiga sun ƙetaro kogi ana tsakiyar tsinkar tattasai, suka tafi da yarinyar. Tun ranar babu labari.

Ni kuwa akwai karambani. In na ga mai baƙin ciki sai na nemo masa magani, ko bai tambaye ni ba. A kasuwa, wajen mai zuba waƙoƙi a waya, na ji wasu mata shida suna waƙoƙin tsinkar tattasai, ba ganga ba tafi, murya zalla. Na sa ya zuba min su duka, na taho gida ina ganin na yi abin kai.

Bayan la'asar na kunna mata. Ta saurari ta farko, ta taɓe baki. Ta ce muryoyin da daɗi, amma waɗannan a ɗaki suka rera, kafaɗa da kafaɗa. Na tambaye ta yadda ta gane, ta ce amshin ya yi sauri. A gona kowace mace tana sunkuye a fangalinta, ba mai ganin wata. Mai ba da waƙa takan dakata, amshi ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, na kusa sannan na nesa, da haka ake sanin kowa na nan. Ƴarta ce kullum ta ƙarshe, don fangalin bakin ruwa take ɗauka.

Kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni.

"Bar shi, auta. In mai waƙar ta ba da baitin, tsayar min kafin su amsa."

Na tsayar. Ta karkata kai wajen kudu, inda kogin yake. Ban san iya tsawon da ake jira ba, ban kuma iya tambaya ba. Sai da ta gyaɗa kai na sake shi.

Haka muka yi ta yi kullum har damina ta wuce. Na tsani waƙoƙin nan, na kuma haddace su. Duk inda ake kai cigiya na je, an rubuta, an ce mu yi haƙuri. Abin da na iya yi mata ke nan, danna waya.

Wata rana na tsayar, na jira ta gyaɗa kai. Hasken wayar ya ɗauke a hannuna. Aka kira magariba tana nan, kanta a karkace, tana jiran amshin ƙarshe.