Ranar da Na Yaga Littafin Ƙanwata

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, sai in ɗauki biro in ajiye. Yanzu da furfura ta rufe min kai, na ga gara in faɗa ko wani ya amfana.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina yaro ɗan shekara goma sha biyu a Fagge. Iyayenmu Barebari ne, amma a nan aka haife mu. Babanmu tela ne, kekensa na zauren gida. Mu biyu ne kacal a wurin Inna, ni da ƙanwata wadda na ba shekara biyar. Tana da shekara uku shan-inna ya kama ta, ƙafafunta suka shanye, duk inda za ta ni ke goya ta. Ga ta da surutu da dariya, har maƙwabta kan ce bakinta ya rama mata abin da ƙafa ta hana ta.

Akwai wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibo da ke zaune a Sabon Gari, tana kawo wa Baba ɗinki. Ta sha ganin yarinyar a zaure tana wasa da ƙyallaye, rannan sai ta zo mata da littafi mai hotuna masu launi. Da Turanci aka rubuta shi, ba mai iya karantawa a gidanmu. Hotunan wani yaro ne da ƙanwarsa, sun shiga akwatin katako, a shafi na gaba akwatin ya zama jirgin ruwa, can kuma ga su bisa giwa. Ƙanwata ta ce ita ba ta buƙatar mai karanta mata, ta san abin da yaran ke cewa, kuma kullum da sabon labarin da za ta ba ni. Daga nan muka fara namu. Tabarma ta zama kogi, turmin Inna a kife ya zama kan jirgin ƙasa, ita ce direba, ni kuma in riƙa yin kukan jirgi irin wanda muke jiyowa daga tasha. Yau ta ce Ikko za mu, gobe Makka. Har guzuri take ƙulla mana, ƙuliƙuli biyu a ƙyalle. Inna ta yi ta mitar an hana ta daka, amma tana murmushi.

Wata Asabar da hantsi abokan ƙwallona suka biyo mini. Baba ya tafi sayen zare, suka zarce har tsakar gida. Suka tarar da ni ina rarrafe, na lulluɓa da zanen Inna na zama giwa, ƙanwata a bayana riƙe da littafinta tana ba ni umarni. Suka fashe da dariya, ɗaya ya rantse sai kowa a fili ya ji cewa na koma wasan mata. Kunya ta rufe ni. Na miƙe zumbur, yarinyar ta faɗo ƙasa. Na fizge littafin na kekketa shi a gabansu, sannan na ce mata, "Duk ƙarya ce. Babu jirgi, babu kogi. Ke da ko ƙofar gida ba ki iya zuwa sai an ɗauke ki, ina za ki?" Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyar da kai ta zuba wa ƙafafunta ido kamar ranar ta fara ganinsu. Inna ta fito daga madafa, ba ta dake ni ba, ta dai tambaye ni ko kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na bi abokaina muka fice.

Da Baba ya dawo ya tattara shafukan ya ɗinke su da zare da allura. Ƙanwata ta karɓa ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin katifa, ba ta sake buɗewa ba. Surutun nan ya ɗauke ɗif. Ni kuma girman kai ya hana ni matsawa kusa da ita har kusan wata guda. Ranar da na kifa turmi na ce ta zo mu tafi Ikko, cewa ta yi ta gaji. Abin ya dame ni, na taka da ƙafa har Sabon Gari ina tambaya, sai da na gano gidan malamar. Na gaya mata gaskiya. Ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin, ta ce in kai, amma in fara ba yarinyar haƙuri, don ba takardar ce ta yi mata ciwo ba. Ban bi maganarta ba. Na ga kamar raini ne yaya ya roƙi ƙanwa, na dai ajiye mata littafin a cinya. Ta buɗe shafi-shafi har ƙarshe, ta miƙo mini, ta ce, "Yaya, ai takarda ce kawai."

Da bazara ta zagayo sanƙarau ya shigo unguwarmu, ya kama ta. Aka hana ni shiga ɗakin don kada in ɗauka. Kwana uku ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Ina tsaye a bakin ƙofa aka fito da ita, ban taɓa ce mata ta yafe mini ba.

Na haifa, na yi jikoki, na je garuruwan da ta riƙa kai ni da baki, amma duk inda na sauka sai in ji ban cancanci zuwa ba. Yaran da na ji kunyarsu ko sunayensu ba na iya tunawa yanzu. Saboda haka ina roƙon iyaye da yayye, in kun ga yaro ya mai da kwali mota, kada ku ce masa kwali ne. Ya sani, kuma wataƙila wannan wasan shi ne abin da ke riƙe da shi. Wanda kuma ya ɓata wa ɗan'uwansa, ya buɗe baki ya nemi afuwa tun yana iya jinsa. Ku taya ni yi mata addu'a, Allah ya jiƙanta, ni kuma ya yafe mini.